Muryar Baba a Cikin Mota

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

An dawo da motar Baba daga gareji. Yayana Shafi'i ne ya kawo ta da kansa, sai murna yake yi wai ta koma sabuwa. Babban batirin nan na ƙarƙashin kujerar baya aka sauya, wanda ke sa ta tafiya shiru kamar ba a kunna ta ba. Ya sha ruwa a tsaye, ya gaishe da Iya daga bakin ƙofa, ya kama hanyar Kano. Shi kullum sauri yake yi.

Bayan la'asar na fito da Iya kamar yadda muka saba tun bara. Motar tana nan gindin darbejiya a tsakar gida. Nakan zaunar da ita a kujerar gaba, in sauke gilashi, in danna maɓalli na uku a jikin allon rediyo, sai muryar Baba ta fito. Nasihar da ya yi ce ranar bikin ƙanwata Bahijja. A tsakiya akwai inda yake tsayawa ya ce, “Fanna, ko ba haka ba?” mutane su kwashe da dariya don ya kira sunan matarsa a bainar jama'a. Ita kuma Iya daga nan kujerar sai ta ce, “Haka ne, Malam.” Daga nan sai in miƙa mata kwanon tuwo ta ci. In ba a nan ba, ba ta cin komai. Ta manta sunan unguwarmu, wani lokaci ta manta nawa, amma wannan amsar ba ta taɓa kuskure ta ba.

Yau na danna, shiru. Allon ya yi shuɗi, ga wani rubutun Japan layi biyu a tsakiya. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna. Iya tana zaune ta gyara mayafinta tana jira.

Na ce mata yau Baba ya gaji, sai gobe. Ba ta taɓa tuwon ba.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Na kira Shafi'i. Ya ce, “Haba Bilqis, mota tana tafiya lafiya, ke rediyo ne damuwarki?” Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Laraba, bayan la'asar

Shiru. Kunu ta sha, rabin kofi.

Alhamis, 8 ga Mayu, da azahar

Daga makaranta na wuce garejin Oga Silvanus da ke hanyar Daura. Shi ne mai gyara wa Baba wayoyin mota tun ranar da aka kawo ta. Da ya gan ni ya cire hularsa, ya ce, “Malama, yaya jikin Mama?” Na ce da sauƙi.

Ya ce ba shi ya sauya batirin ba, amma ya san yadda ake yi. Kafin a taɓa babban sai an cire kan ƙaramin batir, kuma da zarar wuta ta yanke gaba ɗaya, irin wannan allon yakan manta kansa. Duk da haka ya ce bari ya bi a hankali. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a rana yana dubawa. Ya auna ƙaramin batir. Ya kwanta a ƙasan kujera ya duba akwatin da ke tura sauti zuwa sifika. Komai lafiya. Ga wuta tana zuwa, ga wayoyi a haɗe, kyamarar baya ma ba abin da ya same ta, allon ne kawai ya ƙi buɗe wa kowa ƙofa.

Ya ɗora wayarsa a kan rubutun nan ta fassara masa. Wai a saka katin taswira. Ya danna wani wuri, fuskar allon ta zame ƙasa, sai ga wata 'yar kafa a bayanta. Ba komai a ciki.

Na ce ina ruwana da taswira? Taswirar nan ba ta taɓa yi mana amfani ba. Ta ƙasar Japan ce, muna tsakiyar Kazaure za ka ga ta nuna motar a cikin teku. Baba yakan leƙa ya ce, “To, yau ma a ruwa muke, kowa ya riƙe numfashinsa.” Akwai kuma wata mata da ke gaisuwa da yarensu in an kunna mota, shi kuma ya amsa mata, “Lafiya lau, Hajiya, ya mutanen gida?”

Oga Silvanus ya ce, “Malama, ba taswirar ba ce. Katin shi ne makullin. Muddin wuta ba ta yanke ba, allo zai yi shekaru yana aiki babu shi. Amma yanzu sai ya gan shi zai tashi. Abin da ke cikinsa yana nan, bai goge ba. A kulle yake kawai.”

A kulle yake kawai. Ina ta maimaita wannan har na iso gida.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Na kira Bahijja a Dutse ko tana da wani kwafin. Babu. Faifai ɗaya mai ɗaukar biki ya ba mu, Baba ya sa a mota, motar ta kwafe shi a cikinta da kanta, haka take yi wa duk faifan da aka sa mata. Faifan kuma aka bar shi a rana a kan gaban mota har ya lanƙwashe. Mai ɗaukar bikin ya bar sana'ar, an ce yana Legas. Baba kuwa wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Yakan ce in magana ce a zo a zauna.

Duk duniya wuri ɗaya muryarsa take.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Na zazzage ɗakinsa. Na buɗe akwatin ƙarfe, na duba cikin littattafai, cikin takalma, bayan madubi. Na sami tsohon tabarau da ƙwayar goro da ta bushe. Na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba.

Iya ta tambaye ni sau uku ko ya dawo daga Babura. Na ce hatsi ya yi tsada, yana jiran ya sauka. Ban san yaushe na ƙware a wannan ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Ba ta ci ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Oga Silvanus ya aro katin wata mota irin tamu daga wani abokinsa. Ya saka, allon ya yi ɗan tunani, sannan ya dawo da shuɗinsa da wani sabon rubutu. Wai ba nasa ba ne. Ya ce akwai masu buɗe irinsa da kwamfuta a Kano, amma yawanci sai sun wanke cikinsa tas kafin ya tashi. Ya ce, “Ni dai ba zan ce miki ki kai ba. In na ce zai tsira, ƙarya na yi.”

Yana mayar da fuskar allon sai ya tsaya, ya dafe kai. Ya ce, “Kai! Malama, ni ne. Ni na ce wa Baba ya cire shi.” Wai a lokacin ana yawan zare irin katin nan in an ajiye mota a kasuwa, Baba kuma kullum yana kasuwar hatsi. Ya zare ya miƙa masa ya ce ya adana da kyau. Baba ya jefa a aljihun riga ya ce, “Nan ya fi ko'ina tsaro, sai dai in da ni za a sace.”

Aljihun riga.

Rigunansa ba sa gidan nan. Kawu da Shafi'i sun raba su bayan kwana arba'in, kamar yadda ake yi. Ni a ranar ɗaki na shige na rufe ƙofa, ban ga wanda ya ɗauki wace ba.

Talata, 13 ga Mayu, da la'asar

Shafi'i ya zo da wani allo sabo fil a kwali, irin mai kama da babbar waya. Wai a cire tsohon a jefar, wannan har taswirar Jigawa yake nunawa. Na tsaya a gaban motar na ce sai dai ya fara cire ni. Ya ce na cika taurin kai. Na ce gado na yi.

Sai ya kawo wata dabarar. Kowa ya san muryarsa ta yi kama da ta Baba. Ya shiga zaure ya ɗauki kansa a waya, ya kwaikwayi har ɗan tarin nan da Baba ke yi kafin ya fara magana. Muka ɓoye wayar a ƙarƙashin kujera, na fito da Iya. Gaskiya ni kaina da na ji sai da tsigar jikina ta tashi.

“Fanna, ko ba haka ba?”

Iya ta juyo ta dube ni. Ta ce, “Wannan yaron ba shi da kunya. Sunana yake kira gatsal?”

Shafi'i yana bayan darbejiya. Da na leƙa na tarar ya tsuguna ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin haka daga gare shi ba, ko a ranar nan. Na ji kunyar duk abin da na faɗa masa a raina makon nan. Ya mayar da allon cikin kwalinsa ya tafi da shi.

Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi

Mun kwana biyu muna zuwa asibiti. An ƙara mata ruwa. Likita ya ce ba abin da ya hana ta ci, ita ce ba ta so. Ya ce a riƙa ba ta abin da take sha'awa. Na ce to.

Hannunta ya zama kamar ƙafar tsuntsu. Hausa ma ta fara guje mata, yawanci da Barbarci take magana yanzu, ni kuwa rabi nake ji. Baba ne mai fassara mana ita.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Bahijja ta zo za ta zauna da mu. Tana ɗinke maɓallin rigar jaririnta a gefen tabarma, Iya ta zuba wa allurar ido. Can sai ta ce, da Hausa tsaf, “Ba haka ake yi ba. Ninka zaren biyu. Ni duk abin da na ɗinke wa Malam ba ya faɗuwa.”

Na matso. Na ce, “Iya, me kika ɗinke masa?”

Ta ce, “Komai yarwa yake yi, mutumin nan. Makulli, takardar asibiti. Har wani ɗan baƙin abu na mota. Na naɗe a leda na ɗinke masa a cikin aljihun rigarsa mai ruwan ƙasa, ta ciki, inda ba zai gani ba balle ya yar.”

Ni da Bahijja muka dubi juna. Sai Iya ta ce, “Da ita ya tafi Baburan?”

Na ce e, da ita ya tafi.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan magariba

Shafi'i bai tuna wanda aka ba mai ruwan ƙasa ba. Kawu ya ce rigunan aiki duk an haɗa wa Alhaji Yakubu, abokin cinikin Baba na Babura, don ya raba wa mutanen da suka yi masa hidima.

Na tuƙa zuwa Babura ni kaɗai. Motar shiru, babu injin da ke ƙara, babu rediyo, babu matar nan mai gaisuwa, sai shuɗin allo yana kallona. Wajen Kanya Babba na ga ana ta sharar gona ana jiran ruwa. Nan Baba yake tsayawa sayen gyaɗa. Ban tsaya ba.

Alhaji Yakubu ya karɓe ni a rumfarsa cikin buhuna, wasu mutanen Nijar suna gefe suna ciniki da sefa. Ya ce, “'Yar Ba Dunoma ce! Ku ba ta wuri.” Ya sa aka kawo mini fura. Ya yi addu'a doguwa, na amsa da amin ina kallon ƙasa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, nauyin maganar ya kusa hana ta fita. Wa ke bin sawun sadaka? Na yi ta rantsuwa cewa ba rigar nake so a dawo da ita ba.

Ya ce, “Ke 'yata, kwantar da hankalinki. Mai ruwan ƙasa, mai ɗinkin baƙi a wuya? Wani direban da ke ɗauko masa kaya daga Roni na ba. Sai dai shi gajere ne, ban san ko ya iya sa ta ba.”

Ya ba ni lambarsa. Da zan tafi ya ce, “Ya Fanna fa, ta sani kuwa?”

Na ce rana ta yi, ina da nisa.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Lambar ba ta shiga.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Yau da kanta ta fita ta zauna a motar. Ban kunna ba, ba ta ce in kunna ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan allon ta bar shi a nan. Bahijja ta kawo kunu, ta kawar da kai.

Ina jin haushin kowa. Haushin Shafi'i da ya sauya batir, alhali motar ta tsaya ne, dole a sauya. Haushin Oga Silvanus da ya ba da shawarar kirki. Haushin mutanen Japan. Haushin Baba da bai taɓa yarda a ɗauke shi a waya ba. Na yi istigfari a kan na ƙarshen.

Laraba, 21 ga Mayu, da yamma

Na nemi izini a makaranta na tafi Roni. A tasha aka nuna mini gidan direban, can ƙarƙashin duwatsu. Ba ya nan, ya yi lodi zuwa kudu. Matarsa Nafisat ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce rigar ta yi masa yawa, yana sawa tana jan ƙasa, sai ya kai wa yayan mahaifinsa a Gwiwa, Malam Sama'ilu, dogo ne shi.

Ta ce, “Amma Anti, kada ki ce masa a ba ki rigar. Wallahi ji yake da ita. Bai taɓa mallakar irinta ba.”

Na ce ba zan ce ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, da azahar

Cokali biyu na fate. Bahijja ta ce uku. Na bar ta a kan ukun.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan magariba

Gwiwa.

Na isa ana saukowa daga masallaci. Na ajiye mota a gindin wata tsamiya ina tambayar gidan Malam Sama'ilu, wani mai shayi ya ɗaga hannu ya ce, “Ga shi can ma yana tafiya.”

Ta baya na gan shi. Dogo, ya ɗan ranƙwafa, hannu ɗaya a baya riƙe da carbi. Rigar tana kaɗawa a ƙafafunsa yadda ta saba. Ga ɗinkin baƙin nan a wuya, ga inda Iya ta yi faci a gefen hagu lokacin da ƙusar buhu ta kama ta.

Ban san na buɗe baki ba. Mai shayin ne ya ce, “Baiwar Allah, lafiya? Babanki ne?”

Ban iya rubuta sauran wannan ba yanzu.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Malam Sama'ilu mutumin kirki ne. Ya sa matarsa ta shigar da ni, aka ba ni ruwa na wanke fuska. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, wata alfarma na zo nema, kuma ina jin kunya.” Na yi masa bayani tun daga batir har zuwa kwanon tuwo. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya sa hannu cikin aljihun ya shafa ta ciki. Ya ce, “Wannan? Ai na ji shi tun ranar da aka kawo ta. Na ɗauka laya ce. Na ce bawan Allah ya ɗinke tsarinsa a jikin rigarsa, ni wane ne da zan farke? Ko wanki za a yi, nakan ce a bi wajen a hankali, kada a murza.”

Ya shiga ɗaki ya sauya riga, ya kawo mini ita a ninke. Matarsa ta miƙo reza. Ɗinkin Iya ne, zare biyu, ƙanana a jere. Sai da na yi da gaske kafin ya farke. Ledar ta yi laushi, an naɗe ta ninki a kan ninki, a ciki ga ɗan baƙin kati bai fi ɗan yatsa ba.

Rigar ba ta ƙamshinsa kuma. Sabulu take yi da hayaƙin itace. Na duba, na sake dubawa.

Malam Sama'ilu ya ce in tafi da ita gaba ɗaya in tana da amfani a wurinmu. Na ce a'a, tasa ce. Na roƙi allura da zare na mayar da aljihun yadda yake, na ninka zaren biyu. Ya ce, “Kullum na sa ta sai na yi masa addu'a, ko da yake ban san fuskarsa ba.” Na ce na gode. Ya raka ni har mota, ya leƙa allon ya ce Allah ya sa a dace.

Ban saka katin ba. Tsoro nake ji. Yana cikin ɗankwalina a ƙulle.

Litinin, 26 ga Mayu, da azahar

Oga Silvanus ya goge bakin katin da auduga da wani ruwa mai ƙamshin asibiti. Ya ce ya ɗan yi tsatsa amma ba sosai ba. Ya ce in kashe mota, in bar ta ta huce. Ya yi alamar addu'arsu a ƙirji, ni na yi bisimilla, ya tura katin.

Wani layi ya fito yana cika a hankali. Ya tsaya a tsakiya har na ce shi ke nan. Sannan ya ƙarasa.

Matar nan ta yi gaisuwarta. Taswira ta buɗe, ga mu a tsakiyar teku.

Na ce, “Lafiya lau, Hajiya.” Daga nan na kifa kai a kan sitiyari. Oga Silvanus ya fita daga motar ya tafi can yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce in gaishe da Mama, kuma kada in sake bari a cire katin nan ko wa ya ce, ko da shi ne.

Ban danna maɓalli na uku ba. Na ga sunan faifan bikin yana nan a jerin, ya isa. Ba ni zan fara ji ba.

Litinin, bayan magariba

Mu biyu muka ɗauko ta, ni da Bahijja, ba ta da nauyi ko kaɗan. Hadari ya haɗu ta gabas, iska tana kaɗa darbejiya. Na sauke gilashi, na ajiye kwano a cinyata, na danna.

Ɗan tarin nan ya fara fitowa. Sannan sallama. Sannan, “To jama'a, ni ba mai dogon zance ba ne,” mutane suna dariya don sun san ƙarya yake yi.

Iya ta rufe ido. Leɓenta yana motsi tare da nasa. Ya yi wa Bahijja nasiharsa a kan haƙuri da riƙon sirrin gida, ya juya Barbarci ya dawo Hausa. Bahijja tana tsaye a jikin ƙofa tana kuka ba sauti. Ina jiran wurin, ina riƙe da kwanon.

“Fanna, ko ba haka ba?”

Iya ba ta amsa ba.

Dariyar mutane ta tashi ta lafa. Sai daga can baya, cikin hayaniyar mata, wata murya ta ce, “Haka ne, Malam,” tana dariya ita ma. Muryar Iya ce, ta ranar bikin, mai ƙarfi. Tana cikin faifan tun farko. Ban taɓa jin ta ba, domin kullum amsar da take bayarwa daga kujera tana rufe ta.

Iya ta buɗe ido. Ta ce, “Waccan ta amsa masa.”

Muka saurara har ya kai ƙarshe, aka shafa fatiha a cikin faifan, ita ma ta ɗaga hannu ta shafa. Sannan ta ce, “Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya sa ka huta.”

Na ce, “Iya…”

Ta ce, “Bilqis.” Ta kira sunana daidai. “Kashe haka nan. Mutum ba ya kwana uku a Babura bai aiko da ko gyaɗa ba.”

Na kashe. Ruwa ya fara sauka a kan rufin motar. Can Iya ta ce, “Mai ruwan ƙasar, wa aka ba?”

Na ce wani dattijo a Gwiwa.

“Ta yi masa?”

Na ce ta yi masa daidai.

Ta ce, “To, madalla.” Ta miƙo hannu ta karɓi kwanon. Loma huɗu ta yi, ko biyar, ta ce tuwon ya yi sanyi kuma miyar ba gishiri. Bahijja ta ruga ɗumamawa tana dariya tana share hawaye.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya da yau a ɗaki ta ci. Kaɗan, amma ta ci. Ba ta nemi mota ba, ba ta tambayi Babura ba. Da safe ta kira ni da sunan ƙanwarta. Ban gyara mata ba.

Ni ce na fita na zauna a gindin darbejiya, a kujerar direba. Na saurara daga farko har ƙarshe. Ya tambaya, ta amsa masa, su biyun suna can tare suna dariya.

Na duba baya a littafin nan, tun daga shafin farko na bara. Na rubuta batir, na rubuta fis, na rubuta riguna. Ashe ba Iya kaɗai nake gaya wa yana Babura ba.

Baba ya rasu. Ranar wata Alhamis, da damina, a kan tabarmarsa, bayan ya sha kunu. Allah ya jiƙansa.